Ko Dogon Hannun Feda Yana Ƙara Wa Keke Gudu?

Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Bakori, Jihar Katsina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce: "Da keke nake kai buhunan masara kasuwar Funtuwa. Wani mai walda ya ce in ya yanke ƙarfen nan da ke riƙe da feda ya ƙara masa tsawo, keken zai ƙara gudu, kuma zan rage shan wahala a hawa. Don Allah a bincika mini, gaskiya ne, ko kuɗina kawai zai ci?"

To Malam, mun gode da takardarka. Amsar a taƙaice ita ce, kada ka kai masa. Amma bari mu bi maganar daki-daki, don akwai ƙamshin gaskiya a cikin abin da ya faɗa maka.

Wannan ƙarfe, wanda za mu kira hannun feda, ana auna shi ne daga tsakiyar inda ya kama jikin keke zuwa tsakiyar ramin da ake ɗaura feda. A kekunan manya na zamani tsawonsa yakan kama daga milimita 165 zuwa 175, kuma sau da yawa in ka leƙa bayansa za ka ga an buga lambar a jiki. Manyan kekunan ɗaukar kaya irin su Raleigh da Phoenix da Hero kuwa, nasu yakan kama daga inci 6 da rabi zuwa inci 7, wato milimita 165 zuwa kusan 178. Ka ga ke nan mai yiwuwa naka ma ya riga ya kai na masu dogo.

Inda mai walda ya yi gaskiya shi ne nan. Duk wanda ya taɓa kwance noti mai taurin kai ya san sufana mai dogon hannu ta fi gajera sauƙi. Haka hannun feda yake. In aka ƙara shi daga 170 zuwa 175, takun da ka saba yi zai murɗa sarƙa da ƙarfin da ya ɗara na da da kimanin kashi 3 cikin 100. Sai dai fa ba a kyauta ka samu ba. Ƙafarka da'ira take zagayawa, kuma da'irar ta ƙara faɗi. A da takan yi tafiyar santimita 107 a kowane zagaye, yanzu sai ta yi 110. Abin da ka samu a sauƙin taku, ka biya shi da nisan da ƙafa za ta yi. Gudun keke kuwa bai san tsawon hannun feda ba; abin da ya sani shi ne sau nawa faranti ya juya a minti ɗaya, da kuma yawan haƙoran gaba da na baya.

Masana sun gwada wannan abu. A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jim Martin da Waneen Spirduso, suka ɗora gogaggun mahaya keke 16 a kan hannun feda iri biyar: milimita 120, 145, 170, 195 da 220. Lura fa, mafi tsawo ya kusa ninka mafi gajarta. Aka ce kowa ya taka iya ƙarfinsa. Da aka auna, bambancin ƙarfin da suka fitar tsakanin wanda ya fi kyau da wanda ya fi muni bai wuce kimanin kashi 4 cikin 100 ba. Tsakanin 145 da 170 kuwa, kusan babu wani abin a zo a gani. Dalili shi ne jiki da kansa yake daidaita abin: da gajeren hannu mutum yakan juya da sauri, da dogo yakan juya a hankali, ƙarshe dai gida ɗaya ake sauka.

Su ma 'yan tseren duniya ra'ayinsu ya sauya. Miguel Indurain, dogon Basifaniyen nan da ya ci gasar zagaya Faransa, Tour de France, sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an san shi da hannu mai milimita 180. A lokacin ana ganin dogo shi ne na ƙarfafa. Sai ga Tadej Pogacar ɗan ƙasar Sulobeniya ya sauko zuwa 165 a shekarar 2024, kuma a wannan shekara ya haɗa gasar zagaya Italiya da ta Faransa da kambin duniya. Ba gajeren hannun ne ya ba shi ƙarfi ba. Abin da yake yi wa ɗan tsere shi ne ya ba shi damar sunkuyawa ya kauce wa iska ba tare da cinyarsa tana tokare masa ciki ba.

To a nan ne maganar ta shafe ka, Malam, wato gwiwa da ƙugu. In ka ƙara milimita 10 a hannun feda, feda za ta ƙara sauka ƙasa da milimita 10, dole ka sauke sirdi don ƙafarka ta kai. A sama kuma fedar ta ƙara tashi da milimita 10. Ashe ke nan gwiwarka ta ƙara matsowa ƙirji da santimita 2, kuma a lanƙwashe haka za ta fara danna kaya. Ka lissafa dubban zagayen da za ka yi daga Bakori zuwa Funtuwa da buhu a baya. Dogon mutum zai iya jurewa. Gajere kuwa, ko yaron da aka ba keken babansa, shi ne za ka ga yana karkata ƙugu dama da hagu a kan sirdi, da yamma yana kukan gwiwa. Waɗancan masu bincike sun ce tsawon da ya fi dacewa shi ne kimanin kashi 20 cikin 100 na tsawon ƙafar mutum. Mai ƙafar santimita 85, milimita 170 ke nan.

Sannan ga haɗari iri biyu. Feda da ta matso ƙasa takan daki kunya ko dutse, ko ta kartsi titi a kwana, mai keke ya kife da kayansa. Na biyu, wannan ƙarfe shi ke ɗauke da nauyinka duka in ka miƙe tsaye a hawa. Wurin da aka yanke aka yi walda nan ne zai fi saurin tsagewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye. In ma bai karye ba, da wuya ya fito a miƙe sak, feda ta riƙa murguɗa maka idon sawu.

In sauƙin hawa kake nema, hanyar tana baya. Je wurin mai gyaran keke ya ƙirga haƙoran ƙaramin farantin nan na wilin baya da sarƙa ke hawa. A ce na gaba 44 ne, na baya 18. Kowane zagayen feda keken zai yi kusan mita 5 da rabi. In aka sa maka mai haƙora 20, zai koma ƙasa kaɗan da mita 5, amma takun zai yi sauƙi da kimanin kashi 10 cikin 100, wato ya ninka abin da milimita 5 za su ba ka har sau uku, gwiwarka kuma tana inda take. Wataƙila a ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya. A miƙaƙƙiyar hanya in ba kaya za ka ji ƙafa ta ɗan ƙara saurin juyawa, shi ke nan kuɗin da za ka biya.

Ka kuma duba sirdi, don da yawa masu kukan nauyin keke sirdinsu ne ya yi ƙasa. Zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe ba tare da ka karkata ba. In kuwa wata rana hannu ɗaya ya lalace za a sa maka na wani keke, to ka sa a jera shi da ɗan'uwansa a auna a gabanka kafin a ɗaura, don na hagu da na dama su zo daidai.