Gargaɗi Ga Ma'abota Ɗaukar Hoto A Bakin Teku

A jihar Maine ta ƙasar Amurka, cikin gandun shaƙatawa na Acadia, akwai wata ƙuntatacciyar tsaga da ruwan tekun Atilantika ya haƙa a jikin dutse, wadda ake kira Thunder Hole. A can ƙarshenta akwai ɗan kogo, wanda idan igiyar ruwa ta ja da baya iska kan cika shi, sa'an nan idan wata ta afko ta matse iskar, sai a ji rugugi kamar aradu, ruwa ya yi tsiri sama, wani lokaci har kimanin mita 12. Masu neman hoto sukan kintaci sa'a ɗaya ko biyu kafin cikar teku, domin a lokacin ne al'amarin ya fi ƙayatarwa.

Ranar 23 ga Agusta 2009, alhali guguwar da aka laƙaba wa suna Bill tana can nesa ƙwarai da gaɓa, dubban mutane suka yi cincirindo a bakin duwatsun nan suna kallon tumbatsar ruwa, sai wata igiya da ta ɗara 'yan'uwanta ta hau kansu, ta raunata wasu, ta janye mutum uku cikin teku. Aka ceto biyu, yarinya 'yar shekara 7 ta rasu.

Abin lura a nan shi ne, igiyar teku ba ta buƙatar hadari a kanka kafin ta halaka ka, domin iskar da ta haife ta tana iya kasancewa a nisan ɗaruruwan kilomita. Kuma igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, ta yiwu ƙanana su yi ta zuwa har zuciya ta natsu, sa'an nan babbar ta biyo. Mu da muka tashi nesa da teku, muka saba auna ruwa da kogi ko tafki, mu ne wannan natsuwa ta fi saurin yaudara.

Mai ɗaukar hoton kansa kuwa, haɗarinsa ya ninka, tun da ya juya wa ruwa baya, idonsa na kan waya, yana ja da baya taku bayan taku don dutse da kumfa su shiga hoton. Wani nazari da likitoci a Indiya suka wallafa a 2018 ya ƙidaya mutum 259 da suka mutu garin irin wannan hoto tsakanin 2011 da 2017, kuma nutsewa ce ta fi cin rayuka.

Saboda haka wajibi ne mai ziyara ya duba jadawalin cikar teku kafin ya fita, ya tsaya bayan shingen ƙarfe, ya riƙe hannun yaransa, kada kuma ya kira ganganci tawakkali. Dutsen da ya jiƙe ko ya yi baƙi, shaida ce cewa ruwa yana kaiwa nan, ga shi da gansakuka mai santsi. Idan wani ya faɗa ruwa, kada a bi shi. A jefa masa abin da ke yawo bisa ruwa, a kira masu ceto, waɗanda a Amurka lambarsu 911 ce.