Sankarar Maƙogwaro Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Mutum biyu su kamu da sankarar maƙogwaro, a yi musu magani ɗaya, wannan ya tashi, wancan ciwo ya ci ƙarfinsa. Ina dalili?

Ciwon nan manyan tushensa biyu ne. Na fari taba da giya. Na biyu wata ƙwayar cuta, HPV, musamman mai lamba 16, wadda kan kama wajen tushen harshe.

A babban asibiti akan yanki 'yar tsoka daga wurin, a rina ta, a duba da madubin likita, ana neman wata alama, p16. In an same ta, galibi aikin HPV ne, irin wannan kuwa ya fi jin magani. Amma in majinyacin mashayin taba ne, sa'arsa takan ragu.

To, maigida, neman alama aikin likita ne, sammako kuwa naka ne. Dushewar murya, wuyar haɗiya, ko kaluluwa a wuya, in sun wuce mako 3, kada a tafi wurin wanzami yankan beli. A zo disfensare, mu aika da ku asibiti tun ciwo bai yi jijiya ba.