Shanun Huɗa a Hannun Magada

Manomin auduga a karkarar Figil ya san shanun huɗa: bijimai biyu a karkiya ɗaya, garma a baya, yaro a gaba yana jan igiya. Idan maigida ya rasu, 'ya'ya suka kasa jituwa, sai a raba, wa ya ja sa ɗaya, ƙane ya ja ɗaya. Ba a zalunci kowa ba, amma ranar da ruwa ya sauka babu mai iya ta da kunya ko guda. Can sai maƙwabci mai babban gandu ya yi sallama da fara'a, ya ce a kawo san ya haɗa da nasa, harawa da dusa duk a wuyansa. San zai yi ƙiba kam, sai dai gonar wani yake nomawa.

Haka 'yan adawar arewacin Kamaru suka yi da ƙarfinsu. A zaɓen majalisa na Maris 1992, jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba Maigari ta ci kujeru 68 cikin 180. RDPC ta Shugaba Paul Biya ta tsaya a 88, ba ta kai rinjaye ba, sai da kujeru 6 na MDR ta Dakole Daissala, shi ma ɗan arewa, suka cike mata giɓin. Kafin shekarar ta ƙare, Hamadou Moustapha da Issa Tchiroma Bakary na UNDP sun karɓi muƙamin minista ba da yawun jam'iyya ba. Aka yi ta kai ruwa rana har aka kore su a 1995, suka kafa ANDP. A 1997 kujerun UNDP suka koma 13, kuma Bello, wanda ya kori wasu kan laifin shiga gwamnati, shi ma ya shige a Disambar shekarar. A 2002 kujera ɗaya tal ta rage.

Ni ba muƙamin ne ke damuna ba, kowa da cikinsa. Abin da aka rasa shi ne mai tashi a majalisa a Yawunde ya tambaya: nawa za a sayi auduga bana, bashin taki fa, kuma simintin da manyan motoci ke kwasa daga Figil zuwa Garwa da Marwa, me yake bar wa garin? Minista ba ya yi wa maigidansa irin wannan tambaya.

A Yunin 2025 Tchiroma da Bello, dukansu ministocin Biya a lokacin, suka raba gari da shi, amma a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Oktoba kowa da tutarsa ya fito. Aka ba Biya kashi 53.66, Tchiroma 35.19, sakamakon da Tchiroma ya ce bai yarda da shi ba. Zaɓen shugaban ƙasa a Kamaru zagaye ɗaya ne, kuma dukansu sun san haka tun Oktoban 1992, lokacin da ɗan adawa John Fru Ndi ya samu kusan kashi 36, Bello 19, Biya ya wuce da kusan 40.