Kafin Ɗan Tasawa Ya Sauka Rami

Da an gama girbi an zuba gero a rumbu, sai tashoshin mota na Tasawa da Mayahi su cika da samari. Ci-rani gadonmu ne. A da Kano ake nufa, ko Legas, ko Libiya. Tun 2014 kuwa, da zinari ya bayyana a Jado da Cibarakatan, da yawa arewa suke yi. Yaron da jiya yake riƙe da hauya, gobe igiya ce ɗaure a ƙugunsa ana zura shi cikin rami, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake gane bangon da ke shirin ruftawa.

Mutanen jihar Maraɗi ba sa bukatar a ba su labari. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamban 2021, ramukan haƙo suka rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa cikin Madarunfa, daf da iyakar Najeriya. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Hukuma ta rufe wurin, amma talaucin da ya kai su can yana nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, ta 25 ga Satumban 2012, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya horar da sabon ɗauka kan tsabta da kariya, haka ma wanda aka sauya wa aiki ko na'ura. Wurin da ma'aikata suka kai 10 dole a kafa kwamitin kula da lafiya da kariyarsu. In hatsari ya auku, a sanar da asusun inshorar ma'aikata na CNSS don a yi wa mutum magani, a biya diyya. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka rubuta a 1995 musamman don ma'adinai, ta ce ma'aikaci na da haƙƙin ficewa daga wurin da ya ga mummunan hatsari. Shi ma da nasa nauyin: ya bi ƙa'ida, ya sa kayan kariya, ya faɗa wa na gaba da shi in ya ga ɓaraka.

Ma'aikacin yuraniyom a Arlit ko na kwal a Cirozerin yana iya riƙe waɗannan, domin sunansa na cikin takarda. Ɗan Mayahi fa? Tsakaninsa da mai rami magana ce ta baki: abinci, ruwa, sai kaso in an dace. In ya karye, 'yan garinsu ne za su yi karo-karo su maido shi gida. In ƙurar dutse ta cinye masa huhu, sai a ce tari ne.

Tun da horon ba ya jiransa a bakin rami, a ba shi tun daga gida. Magadan gari, sarakuna, limamai da gidajen rediyon karkara na Tasawa da Mayahi, ku haɗa kai da sufetocin ƙwadago kafin girbi mai zuwa. Ku nemo tsofaffin 'yan haƙo su yi bayani da Hausa: tazarar ramuka, tokare bango, hatsarin hayaƙin injin a ƙarƙashin ƙasa, illar sinadarin makuri. Iyaye kuma, wanda bai kai shekara 18 ba kada ku sa masa albarkar wannan tafiya.