Argungu: Wuraren tarihi da na shaƙatawa da ke jiran baƙi ko ba a lokacin biki ba

Da an ambaci Argungu a Jihar Kebbi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne bikin kamun kifi. Sai dai bikin na 'yan kwanaki ne, kuma ya taɓa shafe kimanin shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a watan Maris na 2020. Duk tsawon lokacin, masu masauki, 'yan kwale-kwale da masu sayar da abinci sun rasa kasuwarsu mafi girma, alhali garin na da abubuwan gani a kowane wata.

Gidan Tarihi na Kanta

Wannan gini shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. An raɗa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. A ciki akwai masu, takubba, kwari da baka, layu da tambura na zamanin yaƙe-yaƙe, tare da kaburburan sarakunan da suka gabata.

Kogin Matan Fada

A nan dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora a ranar gasa. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Bisa al'ada, ba a su a wannan yanki sai da izinin Sarkin Ruwa, domin kifi ya samu damar girma. Baƙo na iya shiga kwale-kwale, ko ya zaga fadamun shinkafa da ke gefen kogin.

Kufan Surame

Mai son ƙarin tarihi na iya ƙarasawa Surame, tsohon birnin Kanta da ke cikin Jihar Sakkwato a yau, inda ragowar ganuwar dutse ke tsaye cikin daji. Zai fi kyau a tafi da ɗan jagora, a kuma fara tambayar halin tsaro a hanya.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya kankama.