Gyaran Tsofaffin Taragan Kwaikwayo A Amurka: Me Ake Canzawa, Me Ake Bari?

A ƙasar Amurka akwai wata harka ta sha'awa wadda idan aka ba Bahaushe labarinta, abin da zai fara cewa shi ne lallai mutanen nan sun ƙoshi. Manyan mutane ne, galibinsu masu furfura, suke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman ƙananan taragan jirgin ƙasa na kwaikwayo waɗanda aka ƙera da alminiyam shekaru saba'in da suka wuce. Idan sun samu, sai su share makonni suna kwancewa, suna gogewa, suna sake ɗaurawa, har tarago ya hau ɗan layin dogon da suka shimfiɗa a kan tebur ya yi gudu. Ni a ganina, wannan abu ya wuce wasan masu hali. A cikinsa akwai amsar wata tambaya da mu ma take damun mu, wato idan mutum ya gaji tsohon abu, me ya kamata ya canza a jikinsa, me kuma ya kamata ya bari yadda ya same shi?

Kafin a fahimci ƙaramin tarago sai an san babba. A shekarar 1934 jiragen fasinja biyu masu sabon fasali suka fito a Amurka. Na farko shi ne M-10000 na kamfanin Union Pacific, wanda aka gina jikinsa da alminiyam. Na biyu shi ne Zephyr, wanda kamfanin Budd ya ƙera da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a ranar 26 ga Mayu na wannan shekara ya taso daga Denver ya isa Chicago, tafiyar mil 1,015, cikin sa'a 13 da minti 5 ba tare da tsayawa ba. Daga nan taragai masu ƙyalli kamar azurfa, masu jiki gwara-gwara a tsawonsu, suka zama alamar zamani a idon Ba'amurke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin kayan wasa suka ga kasuwa. American Flyer ya fitar da taragansa na alminiyam a 1950, Lionel ya biyo baya a 1952, wasu ƙananan kamfanoni irin su Herkimer na Jihar New York kuma suka riƙa sayar da nasu a kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da hannunsa.

Dalilin zaɓen alminiyam ba boyayye ba ne. Ana dumama shi har ya yi laushi, sannan a tura shi da ƙarfi ta cikin wani mazubi, ya fito a miƙe da siffar da ake so, kamar dai yadda ƙullu ke fitowa daga injin murza taliya. Da turi ɗaya an samu rufi da bango biyu da gwara-gwaran jikin duka. Sai a yanka gwargwadon tsawo, a huda tagogi. Mafi yawan taragan gaske da ake kwaikwaya na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, amma alminiyam ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ƙyallinsa ya fi na kowane fenti kama da na asali. Wannan jiki shi ne darajar taragon, kuma shi ne abin da ya fi daɗewa. Sauran sassan su ne suke mutuwa.

Mai gyara yakan fara da wanki, kuma a nan ne rashin sani ya fi yin ɓarna. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsohon buroshin haƙori sun wadatar. Soda mai ƙuna, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, tana cin alminiyam, don haka duk wani maganin cire fenti da ke ɗauke da ita haramun ne a wannan aiki. Soson ƙarfe ma haka, domin yana karce jiki, yana kuma barin ɓurɓushin da daga baya zai yi tsatsa a kai. Wasu taragan an yi musu wata fata mai tauri tun daga masana'anta ta hanyar lantarki, kuma mai zafin hannu da ya dage da guga don neman ƙyalli yana iya cinye ta, abin da ba ya dawowa. Haka nan alminiyam ba ya karɓar dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙa waya da ita, saboda haka da ƙananan sukurori ko gam mai ƙarfi ake haɗa shi.

Akwai kuma ciwon da ba shi da magani. Goshi da ƙeyar tarago da gindin ƙafafunsa sau da yawa da gaurayen ƙarfen zinki aka zuba su. Idan a lokacin zubin an samu ɗigon dalma ya gauraya da shi, bayan shekaru masu yawa ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage, ya marmashe. Wanda ya ga haka ba ya ɓata lokaci wajen lallashi. Ko dai ya nemi wani mataccen tarago ya ciro lafiyayyen sashe, ko ya sa a zuba masa sabo.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi, inda ake sabuntawa ba tare da jin nauyi ba. Tsofaffin ƙafafu suna da leɓe mai zurfi wanda yakan bugi ƙasan siririn layin dogo na yanzu, don haka ana musanya su. Ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago ana maye gurbinsu da na Kadee, waɗanda suke kama da na jirgin gaske kuma maganaɗisu ke buɗe su. Tsohuwar ledar taga da ta yi ja ana cire ta a sa sabuwa, wasu har kujeru da ƙananan fasinjoji suke dasawa a ciki. Ƙwan fitila mai zafi yana ba da wuri ga ƙwan LED, a haɗa masa ɗan ma'ajin wuta don kada haske ya riƙa ƙiftawa idan ƙafa ta taka datti. Amma a nan akwai tarko. A ma'aunin HO, layukan dogo biyu su ne wayoyin lantarkin, shi kuwa alminiyam wuta na bin jikinsa. Wanda ya juya ƙafa ɗaya ta fuskar da ba daidai ba, sai jikin taragon ya haɗe layukan biyu, komai ya tsaya cik.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya ƙafar da aka ƙera bana take zama daram a ƙarƙashin taragon 1950? Wannan ita ce maganar da na fi so a riƙe. A 1935 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NMRA, a birnin Milwaukee, kuma babban aikinta shi ne daidaita ma'auni. A HO, komai ana rage shi sau 87, faɗin layi kuwa milimita 16.5 ne, ko wane kamfani ya yi. Tsayin ƙugiya daga kan layi a rubuce yake. Har nauyin tarago an ba da shawara a kai: oza ɗaya, sannan a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Taragon gaske mai ƙafa 85 yana komawa kusan santimita 30, ya kamata kuma ya auna kimanin giram 195. Kamfanoni da yawa sun mutu, ma'aunin yana nan. Shi ya sa jika yake iya gyara abin da kakansa ya saya.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin ya yi mini kama da ƙa'idar rubutu. Abin da ya sa matashin yau yake iya karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 shi ne an yi yarjejeniya a kan haruffa, aka kuma riƙe ta. Kalmar tarago ita kanta aro ce daga "truck" ta Ingilishi, wadda a bakin ma'aikatan jirgin Birtaniya ke nufin akwatin ɗaukar kaya, a bakin na Amurka kuwa take nufin gindin ƙafafun da ke ƙarƙashinsa. Mu muka ɗauke ta muka ɗora wa na fasinja da na kaya baki ɗaya, kamar yadda muka samu tasha da reluwe ta wannan hanya.

Su ma masu harkar ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu tarawa, waɗanda a wurinsu karce na asali ya fi sabon ƙyalli daraja, kuma taragon da ba a taɓa ba, da kwalinsa da takardarsa, ya fi wanda aka gyara tsada. Akwai kuma masu tuƙawa, waɗanda ke cewa jirgin da ba ya tafiya gawa ce. Ƙungiyar masu tarawa ta TCA, wadda aka kafa a 1954, ba ta hana gyara ba, amma ta wajabta wa mambobinta su sa alama a jikin abin da aka sabunta idan za su sayar, don kada a sayar wa mutum gyararre da sunan na asali. Tsakanin ɓangarorin biyu wata hanya ta fito wadda nake ganin ita ce ta hankali: abin da ke aiki a ƙarƙashi a sabunta shi, abin da ke ɗauke da kamannin zamaninsa a bar shi, kada a huda inda ba za a iya toshewa ba, sassan da aka cire kuma a adana su a rubuta abin da aka yi. Taragai da yawa an gajarta su tun daga masana'anta don su iya shan kwana a kan ƙaramin tebur, kuma mai gyara na ƙwarai ba ya ƙoƙarin miƙe su. Ya san wannan gajarta ita ma tarihi ce.

Ƙarshen jiragen nan biyu na 1934 ya isa izina. M-10000 an farfasa shi a 1942, alminiyam ɗinsa ya tafi aikin yaƙi. Zephyr kuwa yana nan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Chicago, yara suna zuwa kallonsa. Ɗaya an kalle shi a matsayin ƙarfe mai nauyi kaza, ɗayan an kalle shi a matsayin shaida.

Mu ma muna da namu tarihin dogo. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957. Tun daga 2016, da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗin milimita 1,435, sababbin taragai suka shigo waɗanda ba sa hawa tsohon layinmu mai milimita 1,067. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Tambayata ita ce, taragan da suka kai iyayenmu makaranta da kasuwa da bariki, wa ya auna su, wa ya zana su, wa ya ajiye ko da guda ɗaya na kowane iri kafin masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora su a sikeli? Ba wanda zai iya ƙera kwaikwayon abin da ba a rubuta awonsa ba.

Kuma hanyar a buɗe take. A New Zealand da Afirka ta Kudu, inda faɗin layinsu ɗaya da namu na da, masu sha'awa suna amfani da ɗan layin nan na milimita 16.5 su rage jirgin sau 64, lissafi ya fito kusan daidai. Hannun ma muna da shi. Yaron da ya ƙera mota da kara ko da langa-langa, da maƙerin da ke narka gwangwani ya zuba tukunya, ba basira suka rasa ba. Abin da babu shi ne ma'auni a rubuce da kuma manyan da za su ɗauki abin da muhimmanci. Sassan koyon injiniyanci na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha za su iya mayar da auna tsohon tarago da ƙera kwaikwayonsa aikin kammala karatu, kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tukuna. Allah Ya ba mu ikon gane abin da ya cancanci canji da abin da ya cancanci riƙo.