Madarar Sanlu: Yadda 'Yan Algus Suka Yaudari Awon Hukuma

A watan Satumba na 2008 asibitocin ƙasar Sin suka cika da jarirai masu tsakuwa a ƙoda. Kafin ƙura ta lafa, an ƙirga yara kusan 300,000 da suka kamu, an kwantar da fiye da 50,000, shida suka rasu. Madarar gari ta jarirai ce ta ja musu, galibi ta kamfanin Sanlu da ke birnin Shijiazhuang.

Sirka madara da ruwa tsohon ha'inci ne, kuma ba shi da wuyar kamawa, domin ruwa na rage furotin. Sai dai gwajin da aka dogara da shi, na Kjeldahl, ba furotin ɗin yake aunawa kai tsaye ba. Naitirojin yake ƙirgawa, daga nan a lissafa yawan furotin. Ta nan 'yan algus suka samu ƙofa. Melamin, wani farin gari da ake ƙera farantai da kwanuka da shi, kusan kashi 66 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne. A cibiyoyin tara madara sai a tsinka ta da ruwa, a barbaɗa garin, awo ya nuna komai daidai. A cikin jariri kuwa garin yakan daskare ya toshe hanyar fitsari.

Ba doka aka rasa ba. Abin takaici shi ne Sanlu na cikin kamfanonin da gwamnati ta ɗauke wa binciken kaya, wai don sun yi suna. Tun ƙarshen 2007 iyaye ke kai koke. A farkon Agusta kamfanin ya tabbatar da gubar, kwanaki kaɗan kafin buɗe wasannin Olamfik a Beijin, amma aka ja baki aka yi shiru. Sai da kamfanin Fonterra na New Zealand, mai kashi 43 na hannun jarin Sanlu, ya sanar da gwamnatin New Zealand, ita kuma ta tuntuɓi Beijin, sannan aka fito fili aka janye madarar. Da aka bincika, an samu melamin a kayan kamfanoni 22.

Hukunci ya yi tsauri. An yanke wa shugabar Sanlu, Tian Wenhua, ɗaurin rai da rai, aka zartar da kisa a kan mutum biyu a 2009. An soke ɗauke binciken, aka kafa sabuwar dokar abinci. Duk da haka, a 2010 an sake kama gurɓatacciyar madarar da ya kamata a ce an lalata tuntuni.

A kasuwannin Najeriya da Nijar kuwa, matsalar madarar gari ta rubutun jikin kaya ce. Yawancin madarar gari mai araha an cire mata man shanunta, an maye gurbinsa da man tsirrai, musamman na kwakwar manja. Ba guba ba ce, amma ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta ce a bayyana hakan a jikin kaya, kuma ba abincin jarirai ba ce. To, da zarar mai shago ya farke buhu ya ƙulla ta a leda, rubutun ya tafi da buhun, lambar NAFDAC da ranar lalacewa ma haka. Jami'an da ke duba gwangwani a tashar jiragen ruwa ya kamata su riƙa leƙa teburin mai awo da na mai shayi.